Haƙƙin Yara da Matasa Marasa Galihu a Kan Kirista

Shirin faɗakarwa na wannan mako zai duba nauyin da addinin Kirista ya ɗora wa mabiyansa game da yara da matasa marasa galihu, da yadda aka sauke wannan nauyi ko aka kasa sauke shi a baya, da kuma siffar da ya kamata ya ɗauka a yau a ikilisiyoyin da ake wa'azi da Hausa. Kafin a yi nisa, ya dace mai sauraro ya san waɗanda ake magana a kansu. Yaro, bisa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 da Dokar Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003, shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba, wato har da saurayi da budurwa da ake yi wa kallon manya saboda tsayinsu ko kaurin muryarsu. Marar galihu kuwa shi ne wanda ba shi da babban da zai tsaya masa idan an cuce shi, kuma wannan ya fi maraici faɗi, domin ya haɗa da maraya, da agola, wato ɗan da uwa ta shiga da shi gidan sabon miji, da ɗan riƙo da 'yar aiki, da makaho da kurma da gurgu, da ɗan gudun hijira, da yaron da iyayensa suna raye amma talauci ko ciwo ko shaye-shaye ya hana su riƙe shi.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, Littafi Mai Tsarki ya ɗauki rabon waɗannan yara a matsayin haƙƙin da suke bin mai hali, wanda idan ya hana ya ci amana. Misali mafi bayyana yana cikin dokar girbi. A Littafin Firistoci sura ta 19 da Maimaitawar Shari'a sura ta 24, an hana manomi ya girbe gonarsa har gefe, an hana shi komawa ya ɗauko damin da ya manta, an kuma hana shi bin itatuwan zaitun karo na biyu bayan ya kakkaɓe su, domin abin da ya rage na baƙo ne da maraya da gwauruwa, wato matar da mijinta ya rasu. Wannan shi ne kala, kuma manomin ƙasar Hausa bai buƙatar a yi masa dogon bayani a kansa, tunda ya saba ganin mata da yara suna bin gona bayan an kwashe gero ko an cire gyaɗa. Abin lura a dokar shi ne yadda ta juya al'amarin: ba a ce mai gona ya tattara komai a rumbu sannan ya ɗebi abin da zuciyarsa ta yarda ya bayar ba, an ce masa tun farko akwai kason da hannunsa ba zai taɓa ba. Saboda haka maraya yana shiga gonar da ƙafarsa, ya yi aiki da hannunsa, ya fita da abin da yake nasa, ba tare da ya durƙusa a ƙofar kowa ba. Da irin wannan kala Rut ta ciyar da kanta da surukarta Na'omi a Baitalami. Haka nan sura ta 14 ta Maimaitawar Shari'a ta tanadi cewa kowace shekara ta uku a tara zakkar amfanin gona a cikin gari, domin Balawe mai hidimar wurin ibada da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi, abin da ke nuna cewa ciyar da su yana cikin tsarin ibada kansa, yana da lokacinsa da ma'ajiyarsa.

Annabawa sun ƙara tsananta maganar. Ishaya, a sura ta farko ta littafinsa, ya sanar da mutanen Yahuza cewa Allah ya gaji da hadayunsu da idodinsu muddin ba a yi wa maraya shari'ar gaskiya ba, kuma Littafin Fitowa sura ta 22 ya yi kashedi mai nauyi ga wanda ya wulaƙanta maraya har kukansa ya kai ga Allah. A Sabon Alkawari, Markus sura ta 10 ya ba da labarin yadda almajiran Yesu suka tsawata wa masu kawo masa yara, shi kuwa ya ji haushin almajiran, ya rungumi yaran ya sa musu albarka. A Matiyu sura ta 18 ya ce gara a rataya wa mutum dutsen niƙa a wuya a jefa shi teku da ya sa ɗaya daga cikin ƙanana tuntuɓe, kuma a sura ta 25 ya mai da abin da aka yi wa mai yunwa da baƙo da marar sutura abin da aka yi masa shi kansa. Wasiƙar Yakubu ta auna sahihancin addini da kula da marayu da gwauraye a cikin wahalarsu, ta kuma soki wanda zai ga ɗan'uwa cikin yunwa da tsumma ya sallame shi da fatan alheri kawai. Mai sauraro Musulmi ba zai ji wannan baƙon abu ba, domin Alƙur'ani ma ya yi gargaɗi mai tsanani game da tunkuɗe maraya da cin dukiyarsa.

Akwai kuma darasin tsari a Ayyukan Manzanni sura ta 6, wanda sau da yawa ake tsallakewa. Lokacin da aka yi gunaguni a Urushalima cewa ana ƙyale gwauraye masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum, manzanni ba su tsaya ga yi wa jama'a wa'azin ƙauna ba. Sun sa aka zaɓi mutum bakwai amintattu, ciki har da Istifanas, aka danƙa musu aikin. Tun daga lokacin aka gane cewa kyakkyawar niyya ba ta isa ba, sai an san wa ke da alhakin rabon, su wa ke cikin lissafi, wa kuma aka manta.

Tarihin ikilisiya ya nuna cewa an ɗauki wannan koyarwa da gaske a lokuta da dama. A daular Rum, yar da jaririn da ba a so a juji ko a bakin hanya abu ne da aka saba, Kiristocin farko kuwa suka haramta wa kansu shi, har a shekara ta 374 sarki Balentiniyan na Ɗaya ya mai da kashe jariri laifi a doka. A wannan ƙarni ne Basil, bishop na Kaisariya a ƙasar da ake kira Turkiyya a yau, ya gina wata babbar unguwa ta kula da marasa lafiya da matalauta a bayan garinsa. A Ingila, Robert Raikes ya fara Makarantar Lahadi a 1780 a garin Gloucester saboda yaran da ke aiki a masana'antu kwana shida a mako, ya koya musu karatu a rana ɗaya tak da suke da ita, kuma George Müller na Bristol, wanda ya fara a 1836, ya riƙe marayu kimanin 10,000 a tsawon rayuwarsa. A Kalaba, Mary Slessor, wadda ta iso a 1876, ta ceci tagwayen da al'ada ta ce a kashe, ta kuma goya wasu daga cikinsu a ɗakinta.

Wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa dangane da matasa shi ne limamin Katolika Giovanni Bosco, da aka fi sani da Don Bosco, a birnin Turin na Italiya. Daga 1841 ya fara tara samarin da suka baro ƙauyuka zuwa birni neman aikin gini da leburanci, bayan ya ga yadda gidajen yari suka cika da masu ƙananan shekaru. Bai tsaya ga koya musu addu'a ba. Ya riƙa zuwa wurin masu sana'a yana ƙulla rubutacciyar yarjejeniya tsakaninsu da yaran da ke koyo a hannunsu, kuma an adana wasu daga cikin takardun, na 1851 da 1852, inda aka rubuta cewa maigida zai koya wa yaro sana'ar da ya zo koya, ba zai mai da shi ɗan aiken gida ba, zai gyara masa kuskure da baki ba da duka ba, zai ba shi hutu ranakun ibada, zai kuma ƙara masa lada yayin da hannunsa ke faɗawa. Duk wanda ya san halin yaran gareji da shagon ɗinki da wajen walda a Jos ko Kaduna ko Maraɗi, inda yaro kan shekara biyu yana wanke motar maigida da sayo masa abinci kafin a bar shi ya taɓa sifana, zai ga cewa wannan takarda ba ta tsufa ba.

A Arewacin Nijeriya ma aikin yana da tushe. Bayan Turawan mulki sun hana cinikin bayi, an samu yara da yawa da aka ƙwato daga ayarin fatake ba a san garuruwansu ba, gwamnati ta ajiye su a wani gida a Zungeru, daga baya a 1909 aka miƙa su ga mishan ta Sudan United Mission, wadda ta buɗe musu gida a Rumasha kusa da kogin Binuwai, ta sa masa sunan Lucy, matar Karl Kumm da ya kafa mishan ɗin. A Wusasa kusa da Zariya, inda mishan ta Anglika ta koma a 1929, makaranta da asibiti sun raini yaran da wasunsu suka zama likitoci da malamai na farko-farko a yankin. A Gindiri ta Jihar Filato aka buɗe makarantar makafi a 1953, aka koya wa yaran da al'umma ta riga ta yanke musu hukuncin bara karatu da yatsu da sana'ar hannu. Wannan gado abin godiya ne. Amma adalci ya sa a faɗi cewa gidajen mishan sun sha raba yaro da harshensa da danginsa, har ya tashi bai san inda zai kira gida ba, kuma wannan rashi ne da ilimi bai cika maye gurbinsa ba.

Yau buƙatar ta fi ta wancan zamani yawa. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya daɗe yana ba da ƙiyasin yara miliyan 10.5 masu shekara 5 zuwa 14 da ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa, kuma hukumar UNESCO a 2022 ta kai adadin kusan miliyan 20 da ta haɗa da masu shekarun sakandare. Rikicin Boko Haram da hare-haren 'yan bindiga da faɗan manoma da makiyaya sun bar marayu a Borno da Adamawa da Filato da Binuwai da Kudancin Kaduna da Zamfara, har da Diffa a Nijar. Sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a watan Afrilu na 2014, waɗanda yawancinsu 'ya'yan ikilisiyar EYN ne, da sace na Dapchi a Fabrairu na 2018, sun sa iyaye da yawa tsoron tura 'ya mace makarantar kwana, wato bala'in ya shafi har yaran da ba a taɓa ba.

Duk da haka, wanda ke neman inda zai fara bai buƙatar tafiya sansanin 'yan gudun hijira, domin marar galihun da ya fi kusa da Kirista mazaunin birni sau da yawa a cikin gidansa yake kwana. Yarinya ce mai shekara 10 ko 12 da aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin za a sa ta a makaranta. Ita ce ke tashi kafin kowa ta ɗora ruwa, ta share tsakar gida, ta yi wa 'ya'yan gidan wanka, ta goge musu kayan makaranta, ta raka su bakin titi da jakunkunansu a kanta, sannan ta dawo ga tulin wanke-wanke. Abincinta shi ne abin da ya rage a tukunya, makwancinta tabarma a kicin ko a baranda. Ranar Lahadi takan zo majami'a tare da iyalin, amma yayin da sa'o'inta ke cikin Makarantar Lahadi suna haddace aya, ita tana tsaye a bakin ƙofa da goyon jaririn uwargida tana jijjiga shi kada ya dami masu sujada. Dattawa suna wuce ta, zumuntar mata suna wuce ta, ba wanda ya san sunan mahaifinta. Idan aka yi magana, amsar da aka saba ji ita ce, ai taimakon ta ake yi, a ƙauyen ma me take ci.

Wannan amsa ba ta tsayawa a gaban doka, balle a gaban Littafi. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana ɗaukar yaro aikin gida a wajen iyalinsa, dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta mai da sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida laifi, kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa duk mai riƙon yaro ya tabbatar ya yi karatun shekara tara na farko. Riƙo al'ada ce mai kyau, wadda ta ba dubban 'ya'yan talakawa ilimi a gidan kawu ko gwaggo, kuma ba a neman a kashe ta. Abin da ake nema shi ne a bambanta riƙo da bauta, kuma ma'aunin ba shi da wuya: ɗan riƙo yana cin abin da 'ya'yan gida ke ci, yana zuwa makaranta kamar su, ana kai shi asibiti ranar da ya kwanta, yana kuma ganin iyayensa. Ikilisiyar da ke tara baiko saboda marayun wata jiha alhali ba ta taɓa tambayar membobinta halin yaran da ke hannunsu ba ta bar aikin da ya fi wajaba a kanta. Wannan tambaya aikin fasto ne da dattawa, kuma wurin yin ta shi ne ziyarar gida, tunda zumunta a ƙafa take.

Batu na gaba ya fi wuyar karɓa, domin ya taɓa abin da mutane ke yi da zuciya ɗaya. A watan Disamba ƙungiyoyin ikilisiya kan yi ayari zuwa gidajen marayu da buhunan shinkafa da katan-katan na taliya da sabulu, a jera yara su yi waƙa, a ɗauki hoto a sa a Facebook, a tafi sai baɗi. Abincin yana da amfani, kuma masu riƙe da gidajen da yawansu mutane ne masu sadaukarwa. Amma bincike ya nuna cewa gidan marayu, ko da mai kyau ne, ba ya ba ƙaramin yaro abin da ya fi buƙata, wato babba guda da zai shaƙu da shi ya san ba zai tafi ba. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Romaniya a 1989, duniya ta ga halin da dubban yara ke ciki a gidajen gwamnati, kuma daga shekara ta 2000 masana suka bi diddigin yara 136 a birnin Bukares, aka mai da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, sauran suka ci gaba da zama a gidajen. Waɗanda aka kai cikin iyali sun fi samun ci gaban basira da harshe da natsuwar zuciya, musamman waɗanda aka kai kafin su cika shekara biyu. Ƙungiyoyin kare yara sun kuma ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na yaran da ke gidajen marayu a duniya suna da aƙalla uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su can. Shi ya sa ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 suka ce talauci kaɗai bai isa hujjar raba yaro da iyalinsa ba.

Ma'anar wannan ga ikilisiya a fili take. Kuɗin da zai riƙe yaro ɗaya a gidan marayu sau da yawa zai iya biya masa makaranta yana ɗakin uwarsa, ya kuma ba uwar jarin ƙosai ko keken ɗinki. Wasiƙar farko zuwa ga Timoti sura ta 5 ta ɗora nauyin gwauruwa a kan danginta da fari, ikilisiya ta ɗauki wadda ba ta da kowa. Sai dai a wurare da yawa dangin ne ke zama masifar: kafin a share makoki 'yan'uwan mamaci sun raba gona, sun karɓe takardun gida da babur, an bar mace da 'ya'ya biyar da tukwane. A nan maraya ke zama marar galihu, kuma a nan ya kamata a ga dattawan ikilisiya, su zauna a wurin rabon gado, su rubuta abin da mamaci ya bari, su raka gwauruwa wurin mai unguwa ko kotu idan ta kama. Gidan marayu yana da gurbinsa ga jaririn da aka tsinta da yaron da rikici ya shafe danginsa, amma a matsayin masauki kafin a samu iyali, da rajistar ma'aikatar da ke kula da walwalar yara ta jiha, da bayanin asalin kowane yaro a rubuce. Game da hotuna kuwa, Matiyu sura ta 6 ta riga ta hana yin sadaka don idon mutane, kuma yaron da aka yaɗa fuskarsa yana riƙe da katan ɗin taliya zai girma ya tarar da hoton yana nan.

Matasa su ne aka fi mantawa, domin jariri yana jan tausayi, saurayi mai shekara 15 kuwa tsoro yake jawowa. A wannan shekarun ne kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO ke tsayar da karatun yaro, ya koma zaman kashe wando a bakin titi, inda 'yan sara-suka a Jos da Bauci, ko 'yan shila a Yola, ko 'yan kalare a Gombe ke ba shi abin da ya rasa a gida, wato suna da kariya da waɗanda za su neme shi idan bai fito ba. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da gwamnatin Nijeriya a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 da suka yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabata, kuma a 2018 ɗin ne gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Ikilisiya tana da kayan aiki a hannu da ba ta cika sanin darajarsu ba. Ƙungiyar Boys' Brigade, wadda William Alexander Smith ya kafa a Glasgow a 1883 saboda samarin da Makarantar Lahadi ta kasa riƙewa, da takwararta ta 'yan mata, da zumuntar matasa, da ƙungiyar mawaƙa, duk wurare ne da yaro zai samu babban da ya san sunansa. Amma idan kuɗin yunifom ya zama sharaɗin shiga, an rufe ƙofa ga wanda aka kafa ƙungiyar dominsa.

Akwai kuma yarinyar da ta yi ciki ba aure. A ikilisiyoyi da yawa ana sa ta a ƙarƙashin horo, wato a dakatar da ita daga cin jibin Ubangiji da sauran hidimomi, a mai da ita kujerar baya a gaban jama'a, wanda ya yi cikin kuwa, ko da babban mutum ne, sau da yawa ba a ambatar sa. Idan yarinyar ba ta kai shekara 18 ba, kuma namijin babba ne, abin da ya faru cin zarafi ne da doka ke hukuntawa, kuma tambayar farko da ta wajaba ita ce wa ya yi, ta biyu kuma yaya za ta haihu lafiya ta koma aji. Horon da ya ƙare da yarinya ta bar makaranta ta bar majami'a ya samar da marasa galihu biyu a maimakon ɗaya.

Wannan ya kai ga wajibcin kare yara daga masu taimakonsu. Ikilisiya ba za ta yi magana a kan wannan batu da gaskiya ba sai ta amsa laifin da aka yi da sunanta. Rahoton Ryan na 2009 a ƙasar Ayilan ya bayyana duka da lalata da aka yi wa yara shekaru da dama a makarantun da ƙungiyoyin addini ke gudanarwa. A Kanada, hukumar gaskiya da sulhu ta kammala aikinta a 2015 kan makarantun kwana da aka tilasta wa 'ya'yan 'yan asalin ƙasar, kuma Fafaroma Francis ya je can a Yuli na 2022 ya nemi gafara. A Nijeriya, zargin maita da wasu masu wa'azi suka riƙa ɗora wa yara, wanda ya sa iyaye suka kori 'ya'yansu ko suka azabtar da su, ya kai Jihar Akwa Ibom ga haramta shi a dokarta ta 2008. A duk waɗannan wurare abu ɗaya ya maimaitu: an fifita sunan ikilisiya a kan yaron, aka rufe maganar a cikin gida. Matakan kariya sanannu ne kuma ba sa cin kuɗi. Kada babba ya keɓe da yaro a ɗaki a rufe, ko da sunan addu'a ko shawara, a binciki halin duk wanda zai koyar da yara ko ya kwana da su a sansani, a sanar da yara mace da namijin da za su kai wa ƙara, kuma idan ƙarar ta shafi fyaɗe a kai yaron asibiti a sanar da 'yan sanda, domin sulhun dattawa ba ya maye gurbin shari'a, gafara kuma ba ta nufin a mayar da mai laifi cikin yara.

Haƙƙin bai tsaya ga 'ya'yan Kirista ba. Misalin Basamariye a Luka sura ta 10 an ba da shi ne don amsa tambayar wane ne maƙwabci, kuma wanda ya tsaya ya ɗaure raunin ba ɗan addinin wanda aka sara ba ne, bai kuma nemi komai a wurinsa ba. Almajirin da ke wanki a gidan Kirista a Sabon Gari ko Tudun Wada yana da haƙƙin lada cikakke da magani idan ya yi zazzaɓi, ba tare da an mai da yunwarsa ƙofar raba shi da addinin iyayensa ba, domin taimakon da aka ɗaura wa sharaɗi ciniki ne, kuma a ƙasar da aka sha zubar da jini kan addini yana jawo wa yaran da ake son taimaka wa haɗari. A Yola, lokacin da Boko Haram ta kama Mubi da Michika da Madagali a 2014, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar majami'ar Saint Theresa ga dubban masu gudu ba tare da tambayar addininsu ba, kuma a 2021, da aka gina wa waɗanda ba su iya komawa ba gidaje 86, an haɗa musu da makaranta da majami'a da masallaci.

Ikilisiya ba gwamnati ba ce, ba kuma za ta iya ilimantar da yara miliyoyi daga baikon Lahadi ba, don haka wani ɓangare na nauyinta shi ne ta matsa wa hukuma ta yi nata. Dokar 2003 ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta amince da ita, kuma wasu jihohin Arewa sun ɗauki kusan shekara 20 kafin su yi hakan, aiwatarwa kuwa har yanzu tana baya. Membobin da ke cikin ƙungiyar iyaye da malamai, ko kwamitin kula da makarantar unguwa, suna da damar tambayar dalilin da ake korar yaro saboda kuɗin da doka ta ce babu shi. Akwai kuma takardar haihuwa, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, wadda yara da yawa na karkara ba su da ita, alhali da ita ake tabbatar da shekarun yarinyar da ake son aurarwa da wuri, da na yaron da aka kama aka haɗa da manya a gidan yari, da ita kuma ake gane ɗan da ya ɓace a gudun hijira. Kusan kowace ikilisiya tana da littafin da take rubuta jariran da aka kawo miƙawa ko baftisma, saboda haka fasto ko sakatare na iya tambayar takardar a ranar, idan babu ya haɗa iyayen da ofishin rajista mafi kusa, ya kuma buɗe shafi a littafin domin yaran riƙo da na gudun hijira da suka shigo unguwar ba tare da kowace takarda ba.